Camry tana shan ruwa kuma ba a ganin inda yake zuba: gasket ne ko da wani abu?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana. Toyota Camry ce ta 2004, wadda ake kira Big Daddy, inji 2.4 mai silinda huɗu, giya otomatik. Ruwan lagireto yana raguwa kamar rabin lita duk kwana uku, amma in ta kwana ba a ganin ko ɗigo a ƙasa. Allurar zafi tana zama a tsakiya in ana tafiya a sarari, sai an shiga cunkoso ko an kunna esi da rana take fara haurawa. Baƙin mai bai sauya kala ba. An ce tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wai a sauke kan inji, a cire tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗumama, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Kafin a taɓa ta ina so in ji ta bakinku. Allah Ya saka da alheri.

Baba Makaniki:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a kwance kan injin nan tukuna. Ban ce ba gasket ba ne, yana iya zama shi, amma shi ne mafi tsada cikin abubuwan da ke shan ruwa, don haka shi ake zargi a ƙarshe. Sauke kan inji aikin kwana biyu ne, gwajin da zai nuna ko ana bukatar saukewar kuwa bai kai awa ɗaya ba.

A fara da sassafe, inji da sanyi. A buɗe murfin lagireto kansa a leƙa, kada a tsaya a kan robar rizab. Sau da yawa roba tana cike har layin sama alhali lagireto ya yi ƙasa sosai. Dalili shi ne murfin nan bawul biyu gare shi. Babban, mai sifirin, yana sakin ruwa zuwa roba in matsi ya yi yawa. Ƙaramin na tsakiya shi ke barin ruwan ya dawo in inji ya huce. In ƙaramin ya maƙale, ko siririn tiyon da ke zuwa roba ya tsage, ruwa zai riƙa fita ba ya komawa. Alamarsa, da safe za ka ga babban tiyon sama ya shanye ya lotsa kamar an tsotse shi.

A duba lambar da ke saman murfin, za a ga 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa da ma'aunin bar. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, a Jos ma saboda tudun wurin kusan 96 ne. Murfi mai 1.1 yana ɗaga wannan zuwa wajen 120. Shi kuwa inji da ma tsakanin 85 da 95 yake aikinsa. Ka ga in robar murfi ta bushe ta tsattsage, ratar da ta rage tsakanin aiki da tafasa ba ta da yawa. Ruwan zai riƙa fita a matsayin tururi ana cikin tafiya, ba za ka taɓa ganin ɗigonsa a ƙasa ba.

Bayan murfi sai gwajin matsi. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto. A cika ruwa, a bunƙasa zuwa 1.1, kada a wuce 1.2 don kada a fasa tsohon lagireto, a bar shi minti goma sha biyar inji a kashe. In allurar ta tsaya, babu yoyo. In ta sauka, a ɗauki tocila a bi.

Mai Lagireto:
Baba ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara ta ɓangarenmu. Lagireton motocin nan saƙarsa alminiyam ce, tankin sama da na ƙasa kuma roba ce da aka danne da haƙoran ƙarfe. Robar sama ita ke karɓar ruwa mafi zafi, don haka ita ke fara mutuwa. Sabuwa baƙa ce wuluk. In ta koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar miyar kuka da ta kwana, ta gama. Tsagewarta siririya ce kamar gashi, yawanci kusa da wuyan murfi ko inda tiyon sama yake shiga. Da sanyi a rufe take, sai inji ya yi zafi ta buɗe, ruwan ya zubo kan ƙarfe mai zafi ya bushe nan take. Abin da za ka nema busasshen sawu ne, fari-fari kamar kanwa, ko ja-ja in da kulan a ciki, wato ruwan sanyaya inji na kanti. Irin wannan tsaga ba ta jin gam. A canza tankin ko lagireton baki ɗaya.

Sauran wuraren da ake bi da tocila: bakin kowane tiyo a ƙarƙashin kilif, ƙananan tiyoyi biyu da ke shiga jikin mota ta bayan inji zuwa hita, da famfon ruwa. Famfon yana da ɗan rami a ƙasansa da aka yi musamman don ya nuna in sil ɗinsa ya fara ci. Sawu a ƙarƙashin ramin nan, ko fuli yana girgiza in an kama shi da hannu, famfo ya tafi. A taɓa kafet ɗin gaba ma, in da danshi da wani wari mai zaƙi-zaƙi, hita ce ke yoyo a cikin dashbod.

Maganar zafi a cunkoso kuma, a leƙa tsakanin kondensan esi da lagireto. Ƙurar hunturu da ƙwari da leda suna taruwa a nan su zama kamar bargo, daga waje ba ka gani. A wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota yana kwantar da siraran ganyen saƙar.

Riwaya:
Zafi a tsaye, sanyi a gudu, mu wajenmu fanka ce ta farko. A gudu iskar hanya ke yin aikin, ko fanka ta mutu ba za ka sani ba. Gwaji mai sauƙi: a tada inji a kunna esi, fankoki biyun su tashi. A yawancin Toyota na wancan zamani rile uku ne, wato makunnan lantarki, ke sarrafa su, a ƙaramin gudu ana jera motocin lantarki biyu da ke juya fankokin a kan layi ɗaya, don haka in ɗaya ta ƙone, ɗayar ma ba za ta juya a ƙaramin gudu ba, sai mutum ya ɗauka duka biyun sun mutu. Sannan a kashe esi a bar inji yana aiki a tsaye, fanka ta tashi da kanta in zafi ya haura 90 da wani abu, ta yi ɗan lokaci ta tsaya.

Juyawa kawai ba ta isa ba. Motar fanka da burushinta ya cinye tana juyawa a kasale. A sa takarda a gaban giril, ya kamata iska ta janyo ta ta manne. In ture ta take yi, an juya wayoyin, fanka tana hura iska gaba, kuma wannan yana faruwa sosai bayan an sa fankar Beljiyam ta wata mota. A kuma tabbata robar da ke kewaye da fanka tana nan ba ta karye ba, ita ke tilasta iska ta bi ta cikin saƙa maimakon ta zagaye.

Oga Fanteka:
Duk na yarda, amma maganar tamostat ina da ja. An yi abin nan ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Mu nan a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri zafi yana haura digiri 40, me inji zai yi da abin da ke tare masa ruwa? Kuma ranar da ya maƙale a rufe a tsakiyar daji, tsakanin Potiskum da Damaturu misali, kafin direba ya ankara kan inji ya lanƙwashe. Cire shi ya fi zama kwanciyar hankali ga mai doguwar tafiya. Motocin haya nawa ne ke yawo babu shi?

Injiniya:
Oga, da girmamawa, nan ne ba mu haɗu ba. Digiri 40 zafi ne ga ɗan Adam, ga inji sanyi ne. Tamostat na wannan injin yana fara buɗewa a wajen 82, ya gama buɗewa a 95. Da zarar inji ya kai zafin aikinsa, a buɗe yake, ba ya tare komai. Saboda haka in mota tana tafasa alhali tamostat lafiyarsa ƙalau, cire shi ba zai hana ta ba, sai dai ya jinkirta lokacin da allura za ta hau. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ga kuma abin da cirewar ke jawowa. Kwamfutar mota tana karanta zafin ruwa ta sensa. Muddin ta ga inji bai ɗumama ba, za ta ci gaba da ƙara fetur kamar yadda tsofaffin motoci suke yi in an ja cok. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya riƙa ci a hankali. Da safiyar hunturu a kan babbar hanya, inji marar tamostat zai iya yin awa guda bai kai zafinsa ba. Na biyu, a injuna da yawa tamostat yana da faifai a gindinsa wanda ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji kafin ya ɗumama. In ka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zai riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. A irin waɗannan injuna cirewar tana iya ƙara zafi a ƙarƙashin kaya.

Gwada shi ba wuya. A rataya shi da zare cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindin tukunya, a ɗora a wuta da ma'aunin zafi. Ya fara motsi tsakanin 80 da 84, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe aƙalla milimita 10. In an tsamo shi ya huce, ya rufe ruf. Wajen mayarwa, akwai ɗan ƙaramin fil mai lilo a gefensa, dole ya kasance a sama, ta nan iska ke fita.

Fanka kai tsaye ma haka. Tana ɓoye cutar, tana cinye motar fankar, tana ƙara wa altaneta nauyi, kuma ranar da ta ƙone ba abin da zai sanar da kai.

Oga Fanteka:
Injiniya, bayaninka ya shiga, musamman na gajeriyar hanyar nan. Amma ka san abin da ya sa kanikawa suka tsani abin: na jabu ya cika kasuwa, kuma a cikin ruwan tsatsa ko na asali ma maƙalewa yake. To in za a bar shi, sai a haɗa da sharaɗi biyu, a sayi na gaske, kuma a daina ɗura ruwan rijiya. Wanda ba zai iya waɗannan ba, shi ne tamostat zai ci amanarsa.

Injiniya:
Wannan sharaɗi naka daidai ne, ban da abin cewa a kai.

Hajiya Mai Sienna:
Sannunku da ƙoƙari, muna ƙaruwa. Tunda an zo maganar ruwa, don Allah a fayyace. Wasu na cewa kulan don ƙasar sanyi ne shi ma, ruwan famfo ya wadatar. Wane iri ake sawa, nawa ake sawa? Sannan in allura ta hau ana cikin tafiya, me ya kamata direba ya yi a take?

Mai Lagireto:
Hajiya, duba cikin butar shayin da ake dafa ruwan burtsatse a ciki kullum. Wannan farin dutsen da ke manne a gindinta, shi ne ke taruwa a cikin bututun lagireto, waɗanda faɗin cikinsu bai fi kaurin kwali ba. In an buɗe tankin lagireton da ya sha ruwan rijiya shekaru, za ka tarar layukan gefe da na ƙasa sun toshe, ruwa na bin tsakiya kawai. Irin wannan motar ita ce ke zafi a gudu da hawan tudu, saɓanin ta Alhaji. Ana gane shi da tafin hannu: inji ya ɗumama, a kashe, a cire makulli saboda fanka, a shafa saƙar. In wani wuri da zafi wani da sanyi, ya toshe.

Kulan ba hana daskarewa kaɗai yake yi ba. Yana ɗauke da sinadaran da ke hana alminiyam da ƙarfe ruɓewa, yana kare sil ɗin famfo, kuma haɗin rabi da rabi yana ɗaga tafasa zuwa wajen 107 tun kafin murfi ya ƙara nasa. Na Toyota iri biyu ne. Ja mai kauri ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Mai ruwan hoda an riga an haɗa shi, ba a ƙara masa ruwa. Injin Camry 2.4 yana cin lita shida da ɗan ɗori. Kada a zuba mai kauri zalla da sunan ƙarin inganci, domin ruwa ya fi shi ɗaukar zafi. Kada kuma a gauraya iri daban-daban, wasu in sun haɗu suna yin laka. Kala ba shaida ba ce, akwai jarkokin da ruwa ne da rini kawai.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Tataccen ruwa wajen masu batir aka fi samunsa, kuma su suna da ruwa iri biyu. A tabbata wanda ba asid a cikinsa aka karɓa. Kuma masu wanke lagireto da garin wanki ko soda su bari, yana cin alminiyam.

Baba Makaniki:
Amsar tambaya ta biyu, Hajiya. Allura ta wuce inda ta saba: a kashe esi, a kunna hita zuwa ƙarshe da fankar ciki, a sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi. In hita ta busa sanyi alhali allura na sama, ruwa ya ƙare, a tsaya nan take a kashe inji. Haka in an ga tururi. Kada a buɗe murfi sai an jira aƙalla rabin awa kuma tiyon sama ya yi laushi in an matsa shi da tsumma. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa, kana kwance murfi zai taso maka a fuska. Kada a watsa wa inji ruwan sanyi, kada a ɗura masa shi yana tsananin zafi. In ya huce, a tada shi a zuba a hankali.

Abin da ya fi kashe injuna kuwa shi ne wannan: allura ta hau, can kuma ta sauko da kanta, direba ya ce Alhamdu lillahi ta huce. Sau da yawa ruwa ne ya ƙare ƙaf, sensa ta koma tana auna iska. Saukar allura bayan ta hau, ba tare da an yi komai ba, dalilin tsayawa ne.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai. Ga sakamakon da aka samu. Murfi ya mutu, an sa sabo mai lamba irin ta tsohon. Fankoki biyu suna tashi da ƙarfi. Tamostat ya buɗe a tukunya yadda Injiniya ya ce. An yi gwajin matsi, daga 1.1 ya sauka zuwa 0.8 cikin minti goma, amma ba a ga ruwa a lagireto ko tiyo ko famfo ba, kafet ma a bushe yake. Bayan sabon murfi ruwan ma kamar ya fi saurin raguwa.

Baba Makaniki:
Madalla, yanzu aka kama bakin zaren. Ƙarin raguwar ba abin mamaki ba ne, sabon murfi yana riƙe matsi, matsi kuma yana tura ruwa ta ramin da ke akwai. Yanzu ne ya halatta a zargi gasket, amma shi ma da gwaji.

Mutane sun ɗauka sai baƙin mai ya koma kamar shayi da madara sannan gasket ya ƙone. Wannan hanya ɗaya ce cikin huɗu. Yana iya ci tsakanin ruwa da mai, ko tsakanin ruwa da silinda, ko tsakanin silinda biyu, ko daga ruwa zuwa waje. Mai tsabta bai wanke gasket ba.

A bar matsin a kai ta kwana, da safe a cire fulogi huɗun a jera. Wanda ya fita fes kamar sabo alhali 'yan'uwansa na da toka, tururi ne ya wanke shi. A leƙa ramin da tocila ko akwai ruwa a kan fistin. In akwai da yawa kada a buga sitata da fulogi a ɗaure, ruwa ba ya matsuwa, kon rod ne, wato sandar da ke riƙe da fistin, zai lanƙwashe. Sauran alamu: inji yana rawa na 'yan daƙiƙu in an tada shi da safe, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan ya ɗumama, tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu da tadawa tun ruwa bai yi zafi ba, ko kumfa tana tasowa ba tsayawa a bakin lagireto.

Mafi tabbas shi ne gwajin shuɗin ruwa. Kwalba ce da ake ɗorawa a bakin lagireto bayan an rage ruwa kaɗan, a riƙa zuƙo iskar ciki ta bi ta cikin shuɗin. In akwai hayaƙin ƙonewa, zai koma rawaya. A haɗa da gwajin komfireshan, wato ƙarfin matsin kowace silinda, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce bar ɗaya. A ja sandar man giya ma a gani, tunda otomatik ce: man giya yana bi ta cikin tankin ƙasa na lagireto, in bututun ya huje man zai koma kamar madara mai ja-ja.

Injiniya:
Duk a yi abin da Baba ya ce. Amma ga wannan injin musamman, ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Sunansa 2AZ-FE, bulok ɗinsa, wato gangar jikinsa, alminiyam ne, kuma na shekarun 2002 zuwa 2006 an san su da cuta guda: tiredin da boltin kan inji ke kamawa a cikin bulok yana zarewa, galibi guda uku na tsakiya a layin baya. In inji ya taɓa tafasa ko sau ɗaya, abin yana saurin faruwa. Bolti ya saki, kan inji ya ɗan ɗaga ta baya, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan bulok a ƙarƙashin manifol ɗin iska, wurin da ido ba ya kaiwa daga sama. Akwai wani soso a manne a wurin, shi ke shanye ruwan, zafin inji ya busar da shi. Shi ya sa ba ɗigo a ƙasa.

Alhaji, a ɗaga motar ko a hau rami, a sa matsi, a zura madubi da tocila ta bayan inji. A matsa soson da yatsa.

Abban Sadiq:
An duba. Soson ya jiƙe sharkaf, kuma akwai farin sawu da ya gangaro daga mahaɗar kai da bulok, tsawonsa kamar tafin hannu. Fulogi duk kalarsu ɗaya. Shuɗin ruwan ya ɗan juya zuwa kore. Man giya lafiya.

Injiniya:
To kan inji zai sauka, amma yanzu an san dalili, kuma aikin ya bambanta da wanda aka fara faɗa maka. Da an canza gasket kawai an mayar da bolti cikin mataccen tiredi, gyaran gangar Auzinawa za a yi: ko bolti ya ƙi ɗauruwa a wurin, ko ya yi kamar ya kama, bayan 'yan makonni ruwa ya dawo.

Wajen kwancewa a lura da kowane bolti cikin goman. Wanda ya saki zai kwance ba wahala, kuma in an zaro shi za ka ga siririn alminiyam ya nannaɗe a jikin tiredinsa kamar sifirin, mai sheƙi. Naman bulok ne ya biyo shi. Maganinsa a faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi, a dasa hannun riga na ƙarfe, irin su Time-Sert, mai girman M11 da tazarar 1.5. A yi duka goman, domin sauran ma sun sha zafi iri ɗaya. Dole a huda da farantin da ke miƙar da bakin dirila, ba a yi da ido, kuma a toshe ramukan mai da na ruwa da silinda da tef saboda ɓarɓashi. Kada a yarda da dabarar cusa bolti mafi kauri ko mafi tsawo da ƙarfin tsiya.

Kan injin a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfen awo, a tsaye da a karkace. Lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato ƙasa da kaurin takarda. In ta wuce, ana kai shi wajen masu injin goge fuska su ɗebe kaɗan, a kuma gwada shi ko ya tsage tsakanin bawul. Fuskar bulok ita ma a auna. Gasket ya zama mai kyau, a sa shi a bushe ba gam. Bolti sabo ya fi, saboda irin masu miƙewa ne. A shafa musu ɗan mai, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, kashi-kashi, da sifana mai awo har 79 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), sannan a yi wa kowanne alama da fenti a ƙara juya shi digiri 90. Ɗaurin hannu da bututu a kan sifana shi ke zare tiredi tun farko.

Oga Fanteka:
Wasu za su ce ya sayi rabin inji Beljiyam a Kofar Ruwa ko nan wajenmu ya huta. Ni a wannan ban ba da shawarar haka ba sai in silinda ta ci ko bulok ya tsage. Wanda zai saya ɗin in na shekarun nan ne, da cutar zai zo, kuma ba ka san sau nawa ya tafasa ba. Bulok da aka dasa wa ƙarfe da kyau ya fi shi riƙo. Sannan kafin ranar aikin, kada wani ya ce a zuba garin toshe yoyo ko ɗanyen ƙwai. Ba ya riƙe kan injin da ya ɗaga, hita da lagireto zai je ya toshe.

Baba Makaniki:
Saura cikon aiki, wanda nan ake yawan ɓata shi. Bayan an haɗa, a canza baƙin mai da filta. A wanke hanyar ruwa da ruwa mai tsabta har ya fito garau, a tsiyaye, sannan a zuba kulan a hankali. A ajiye motar gabanta ya ɗan fi bayanta tudu, a sa hita a zafi, a tada inji murfi a buɗe. A riƙa matsa tiyon sama da na ƙasa ana fitar da iska. In tamostat ya buɗe, tiyon ƙasa zai yi zafi kuma ruwa zai faɗa ƙasa a bakin lagireto, sai a cika. A jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, a rufe, a cika roba zuwa layin sama. Masu Peugeot 406 su tuna nasu yana da ƙananan kusoshin fitar da iska da dole a sassauta, in ba haka ba iska za ta maƙale, inji ya yi zafi alhali komai sabo ne.

Washegari da safe ruwa zai ɗan ragu a roba, sauran iska ce ta fita, a cika a ja layi da maka a daidai inda ya tsaya. A riƙa dubawa kullum da sanyi har mako biyu. A ƙarshen mako na biyu a sake ɗaura famfon gwaji a 1.1 na minti goma sha biyar, a sake zura madubi ta bayan inji, a matsa soson.